Minti Shida Na Jira: Sa'ad Da Aka Ɗora Wa Jeri Aikin Tari

Masu buga wasan GTA Online sun daɗe suna kuka da jira. Wani sai ya kunna kwamfuta ya zauna kusan minti shida kafin wasa ya buɗe. A farkon shekarar 2021 wani mai rubuta manhaja da ke kiran kansa t0st ya bi diddigi, ya gano matsaloli biyu. Ɗaya daga ciki tsohuwar ɗabi'a ce a wannan sana'a: ɗaukar jeri a sa shi aikin tari.

A harshen Python, jeri shi ne list, tari kuma set. Jeri yana kiyaye wa ya riga wa, kuma ba ya ƙin abu ya fito sau biyu. Tari ba ruwansa da tsari, amma ba ya karɓar maimai. To, wanda yake son hana maimai alhali jeri ne a hannunsa, dole duk abin da zai saka sai ya bi jerin daga sama har ƙasa ya duba ko yana nan, kamar mai tsaron ƙofar walima da ke karanta takardar sunaye tun daga farko ga kowane baƙo.

A wancan lokaci, haka wasan yake yi da kayayyaki kusan 63,000 da yake lodawa. Kowane sabo sai an gwada shi da duk waɗanda suka gabace shi, gwaji kusan biliyan 2 ke nan! Abin haushi ma, kayan tun asali babu maimai a cikinsu. Gyaran da t0st ya yi wa matsalolin biyu ya rage jiran da kusan kashi 70 cikin 100, kamfanin Rockstar mai wasan ya amsa gaskiyarsa, ya ba shi ladar dala 10,000.

Tari na gaskiya ba ya wannan wahala. Yakan yi wa abu lissafi, lissafin ya fitar da lambar gurbin da ya kamata abin ya zauna, sai a leƙa can kawai.

Ba wai dabarar jeri haramun ba ce. Harshen Lisp, wanda John McCarthy ya ƙirƙiro a Amurka a 1958, jeri ne ƙashin bayansa, kuma har yau Common Lisp na da umarni irin su union da intersection masu haɗa jeri biyu ko tsamo abin da suka yi tarayya a kai. Ga abu goma ko ashirin, babu mai lura da bambanci. Python kanta sai a 2004 ta mai da set ɗan gida, JavaScript kuma sai a 2015.

Ɗalibin da ke rubuta manhaja a yau ba shi da uzurin mutanen da. Idan bayanan za su kai dubbai, kuma tambayar kullum ita ce "wannan yana ciki?", ya ɗauki set tun daga layin farko.