Fatarmu garkuwa ce, kada mu ɓata ta

Ƴan uwa, a lokacin bazara, musamman watannin Afirilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40 a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. A wannan rana samarinmu suke sharar gona, ƴan mata suna zuwa rijiya ko talla. Wajibi ne mu san yadda za mu kiyaye su.

Baƙar fata tana da wani sinadari mai suna melanin. Shi ne yake tare kaifin rana. Man bilicin da ake sayarwa a kasuwa, melanin ɗin nan yake ragewa. Wani man yana da hidrokinon, wani kortizon, wani kuma zaiba, wadda take lalata ƙoda. Bayan ɗan lokaci fata ta yi siriri, rana ta ƙona ta, baƙaƙen tabo da ƙuraje su fito. In an ji rauni, ba ya saurin warkewa. Saboda haka ƙasar Kot Dibuwar ta hana sayar da irin wannan mai a shekarar 2015.

Yanzu da muka iya karatu, mu duba jikin kwali kafin mu saya. In mun ga an rubuta "hydroquinone" ko "clobétasol", mu bar shi. In babu rubutu ko kaɗan, shi ma mu bar shi. Man kaɗe da sabulun wanka na yau da kullum sun ishe mu. Amma mu sani, man kaɗe laushi yake sa fata, ba ya maye gurbin malfa.

Daga ƙarfe 11 na safe zuwa ƙarfe 4 na yamma, yara su nemi inuwa. Mai zuwa gona ya sa malfa da riga mai dogon hannu, ya tafi da gorar ruwa. Yaron da aka haifa zabiya ya fi kowa bukatar wannan, domin rana tana iya jawo masa cutar daji ta fata.

In yaro ya yi jiri, jikinsa ya yi zafi ƙwarai, mu kai shi inuwa, mu jiƙa jikinsa da ruwa, mu ba shi ya sha in yana iyawa. Sa'annan mu gaggauta kai shi gidan likita.