Tsofaffin Hotunan Mawaƙan Jaz: Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

A zamanin da kiɗan jaz yake tashe a Amurka, wato wajen 1930 zuwa 1950, kamfanonin faifai sukan buga hotunan mawaƙansu, baƙi da fari, masu inci 8 da 10, su raba wa jaridu da gidajen rawa kyauta domin talla. Da an tashi daga wasa sai a yage su daga bango a zubar. 'Yan kaɗan ɗin da suka tsira su ne yau masu tara kayan tarihi suke nema ruwa a jallo. To, amma duk inda kuɗi ya shiga, jabu ma yakan bi sawu, saboda haka sunan da aka rubuta a ƙasan hoto bai isa shaida ba.

Shaida ta farko ita ce fuskokin da ke ciki. Ga misali Mills Brothers, 'yan'uwa huɗu daga garin Piqua na Jihar Ohio, waɗanda suka yi suna a 1931 wajen kwaikwayon kayan busa da bakinsu. Babbansu, John, ya rasu a 1936, sai mahaifinsu ya maye gurbinsa. Ashe ke nan hoton da aka ga dattijon nan tsaye cikin jerin mawaƙan ba na farkon tashensu ba ne, ko da mai sayarwa ya rantse.

Na Ink Spots ya fi rikitarwa. An kafa ƙungiyar a Indianapolis, ta shahara a 1939 da muryar Bill Kenny, amma bayan watsewarta a 1954 ƙungiyoyi barkatai suka ari sunan, wasu ma ba ko mutum guda na asali a cikinsu. Kowaccensu kuwa ta buga nata hotunan. Wanda bai san fuskar Kenny da ta Hoppy Jones, wanda ya rasu a 1944, ba, yana iya biyan kuɗin zinariya ya koma gida da tagulla.

Shaida ta biyu ita ce takardar. Masana sukan juya bayan hoto su duba hatimin mai ɗauka ko na jaridar da ta yi amfani da shi. Sa'an nan sukan haska shi da wata fitila ta musamman, domin tun wajen tsakiyar shekarun 1950 ake sa wa takardar hoto wani sinadarin ƙara fari mai ƙyalli a ƙarƙashinta. Hoton da aka ce na 1935 ne, in ya yi wannan ƙyalli, to daga baya aka wanke shi.

Sabon wanki ba laifi ba ne in an faɗa. Hotunan da William Gottlieb ya ɗauka tsakanin 1938 da 1948 suna ɗakin karatu na Majalisar Amurka, tun 2010 kuwa kowa yana da ikon buga su. Laifin shi ne a sayar da sabo da sunan tsoho, domin bayan cutar mai saye, akan shafe sunan wanda ya yi wahalar waƙar a ɗora wa wani.