Ginin da Ya Tashi Babu Kwaɗo a Ƙofarsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaɓar Shuɗin Nilu wajen Aljirif, inda hayaƙin gasa jan bulo yake tashi, ya san cewa mai gini da bulon hannunsa shi ke ɗaukar alhakin duk aibin da ya bayyana a bango. Haka lamarin yake ga almajiran ilimin kwamfuta na Khartum da Omdurman, waɗanda takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan daga 1997 zuwa 2017 ya rufe musu ƙofofin kamfanoni da dama, har manhajojin da asalin rubutunsu yake a buɗe suka zame musu mafita, mutum ya ɗauko harshe irin Python ya harhaɗa shi da kansa.

Abin al'ajabi a wannan mas'ala shi ne, harhaɗawar takan kammala lami lafiya, illa wani ɗan gargaɗi da ke wucewa cikin dubban layuka, wanda ba kowa ke lura da shi ba. Sai ranar da ɗalibi ya umarci manhajar pip ta ɗauko masa wani ƙunshi daga intanet, a ce masa babu ssl, wato sashen da ke rufa asirin saƙo a kan hanya.

Zai rantse cewa OpenSSL, wadda ssl ke dogara da ita, tana cikin na'urarsa, kuma bai yi ƙarya ba. Amma littafi daban, fihirisinsa daban: mai harhaɗawa yana bukatar fayilolin da ke bayyana masa sunan kowane aiki da yadda ake kiransa, su kuwa a wani ƙunshi suke, libssl-dev a Debian da Ubuntu, openssl-devel a Fedora. Bayan an saka su, wajibi ne a share ginin farko a sake configure, domin a lokacin nan ne kaɗai ake binciken abin da ke akwai. Nan ne, a ganina, akasarin masu gaggawa suke tuntuɓe.

Illa ta biyu tsufa ce. Tun daga Python 3.10 na Oktoban 2021, ba a karɓar OpenSSL da ta gaza 1.1.1, alhali CentOS 7 da 1.0.2 ta zo. Maganinsa a gina sabuwar OpenSSL a gefe, a nuna mazauninta da --with-openssl.

Ya mai karatu, kafin ka rufe na'ura, buɗe Python ka rubuta import ssl. In ta yi shiru, kwaɗon ya shiga.