Zaman wakafi a gidajen yarin Najeriya: wa ya kamata a tuhuma?

A cikin kowane mutum uku da ke kwana a gidajen yarin Najeriya, kusan biyu ba a yanke musu hukunci ba. Alƙaluman Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta Ƙasa na 'yan shekarun nan suna nuna adadin tsararru yana kai-komo a wajen dubu 80, kuma fiye da dubu 50 daga cikinsu zaman wakafi suke yi, wato jiran shari'a. Akwai wanda ya yi wata shida, akwai wanda ya share shekaru, har ya wuce wa'adin da za a ɗaure shi da an same shi da laifin da ake zarginsa. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. Ke nan yawancin waɗanda ke Kurmawa da Goron Dutse a Kano, ko Kuje a Abuja, ko Kirikiri a Legas, a idon doka ba su da laifi.

Mutane da yawa suna ɗauka rashin doka ne ya jawo haka. Dokokin suna nan, kuma sun ambaci jami'in da zai yi kowane aiki da adadin kwanakin da zai yi shi a ciki. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai tambayar jami'in idan wa'adin ya wuce.

Daga caji ofis abin yake somawa. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Ya kuma ce wanda aka tsare wata biyu ba a yi masa shari'a ba, a sake shi, ko da bisa sharuɗɗa ne, sai dai idan laifin da ake zarginsa da shi na hukuncin kisa ne. A wannan togaciya ce ƙofa take buɗewa. 'Yan sanda su rubuta wa mutum fashi da makami ko kisan kai, su kai shi kotun majistare, alhali sun san ba ta da hurumin sauraron irin wannan ƙara. Majistare ya ce a ajiye shi a gidan yari kafin ma'aikatar shari'a ta ba da shawara kan ko akwai hujjar gurfanar da shi a babbar kotu. Daga nan sai jira. Fayil ya maƙale a ofishin ɗan sanda mai bincike, ko a canza wa ɗan sandan wurin aiki, ko fayil ɗin ya isa ma'aikata ya shige ƙarƙashin wasu. Ranar komawa kotu ta zo, a ce babu mota ko babu mai. Kotun Ƙoli, a shari'ar Lufadeju da Johnson ta 2007, ta halatta wa majistare bayar da irin wannan umarnin tsarewa, saboda haka abin da ya rage shi ne a sa masa iyaka.

Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA, ta sa wannan iyaka. Umarnin tsarewa na farko ba zai wuce kwana 14 ba. Ana iya ƙara wasu 14 idan an kawo dalili a rubuce. Bayan haka kotu za ta kira shugaban 'yan sanda da babban lauyan gwamnati su zo su faɗi dalilin da zai hana a saki mutumin, in kuwa ba su kawo dalili mai ƙarfi ba, a sallame shi. Ita ma shawarar ma'aikatar shari'a an ba ta kwana 14 daga ranar da fayil ya iso. Dokar ta hana kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, ta hana tsare mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki, ta kuma ce mace tana iya tsayawa belin mutum kamar yadda namiji zai tsaya. Wannan doka ta tarayya ce, amma jihohi sun yi nasu a kan tsarinta, da ɗan bambanci a adadin kwanaki. Kano ta yi tata a 2019.

Sassa biyu na dokar sun fi muhimmanci ga mai son bin diddigin gwamnati. Sashe na 34 ya wajabta wa babban majistare ya ziyarci ofisoshin 'yan sandan yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin waɗanda aka kama, ya ba da belin wanda ya cancanta nan take. Sashe na 111 kuma ya ɗora wa shugaban hukumar gidajen yari aikin aika wa manyan alƙalai da babban lauyan gwamnati rahoto duk kwana 90, mai ɗauke da sunan duk wanda ya haura kwana 180 yana jiran shari'a, da hotonsa, da laifin da ake zarginsa. Da ana yin waɗannan biyu a kan kari, kuma jama'a suna ganin sakamakon, da wuya mutum ya ɓace a kurkuku shekara biyar ba wanda ya san da shi.

To me ya sa cunkoson bai ragu ba? A ganina babban dalili shi ne yadda aka raba nauyin. A da, a Arewa, gidajen yari na En'e ne, Yari da dogarai suke kula da su a ƙarƙashin sarki, har zuwa 1968 da gwamnatin soja ta haɗe su duka a hannun tarayya. Tun daga nan tarayya ce ke gina gidajen, ita ke ciyar da fursunoni, ita ke biyan gandirobobi. Amma yawancin tsararru dokar jiha ake zargin sun karya. Tsohon ministan cikin gida Rauf Aregbesola ya sha faɗin cewa kusan kashi 90 cikin ɗari ne. Kotunan da ke tura su na jiha ne, ma'aikatar da ke jan ƙafa wajen ba da shawara ta jiha ce. Jiha ke ɗebowa da zafi, bakin tarayya ke ƙonewa. Gwamna ba ya jin zafin kuɗin abincin mutumin da kotunsa ta manta da shi, minista kuma ba shi da ikon buɗe ƙofa ya sake shi. Idan aka yi ƙorafi, kowa yana da wanda zai nuna wa yatsa, kuma kowa da 'yar gaskiyarsa. A watan Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi damar gina nasu gidajen da gudanar da su. Tun daga ranar, gwamnan da ya ce gidan yari ba huruminsa ba ne bai faɗi daidai ba.

Dokar 2019 da ta sauya wa hukumar gidajen yari suna zuwa ta gyaran hali ta yi ƙoƙarin ɗaure kowa da igiya ɗaya. Sashe na 12 ya ce idan gida ya cika ya wuce adadin da aka gina shi dominsa, kwanturolan jiha ya sanar da babban jojin jiha da kwamishinan shari'a da kwamitin afuwa cikin mako guda, su kuma suna da wata uku su rage cunkoson. Har ma ya ba jami'an gidan ikon ƙin karɓar sababbin mutane. Dokar ta kuma buɗe hanyar hukuncin da ba na ɗauri ba, irin su aikin yi wa al'umma hidima da sakin talala, don kada ɓarawon kaza ya kwana ɗaki ɗaya da ɗan fashi ya fito da sabuwar sana'a. Akwai kuma tanadin da ya ba babban joji damar mayar da hukuncin kisa zuwa ɗaurin rai da rai idan mutum ya gama ɗaukaka ƙara ya shekara 10 ba a zartar ba, a ƙasar da mutane fiye da dubu uku ke jiran a zartar musu da hukuncin kisa.

Gwamnati takan tuna da gidajen yari ne idan katanga ta faɗi. A daren 5 ga Yulin 2022 mayaƙan ISWAP suka fasa Kuje, mutum 879 suka tsere. Washegari Buhari ya je wurin ya ce hukumomin leƙen asiri sun ba shi kunya. A Afrilun 2024 ruwan sama ya rushe katangar gidan yarin Suleja, wanda aka gina tun zamanin Turawa, fiye da mutum 100 suka fice. A Satumbar shekarar ambaliyar madatsar Alau ta shiga gidan yarin Maiduguri, aka nemi mutum 281 aka rasa. Kowane karo akan kafa kwamiti, akan fitar da hotunan waɗanda ake nema, hankali ya koma kan kamo su. Tambayar nawa ne daga cikinsu bai kamata ma su kasance a ciki ba takan ɓace a hayaniyar.

Batun abinci ya fi komai nuna matsayin tsararre a lissafin hukuma. A Disambar 2023 shugaban hukumar gidajen gyaran hali na lokacin, Haliru Nababa, ya shaida wa kwamitin majalisar dattawa da Sanata Adams Oshiomhole ke jagoranta cewa naira 750 ake ware wa kowane mutum a rana, alhali karnukan tsaron hukumar ana kashe wa kowanne naira 800. A 2024 aka ƙara kuɗin zuwa naira 1,125. Duk wanda ya san farashin kwanon masara ya san abin da wannan zai saya na ci sau uku, bayan ɗan kwangila ya cire ribarsa. Amma wancan zaman kwamitin ya nuna amfanin sa ido na majalisa: an yi tambaya a bainar jama'a, an sami amsa, an ji kunya, wani abu ya motsa. Haka kuma a Nuwambar 2023 ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya tara naira miliyan 585 daga 'yan kasuwa da masu taimako aka biya wa mutum 4,068 tara da diyya. Aikin alheri ne, sai dai ya tona cewa dubban mutane talauci kaɗai ya riƙe su a ɗaure, kuma bai taɓa masu zaman wakafi ba, tun da su ba a ma kai ga yanke musu tara ba.

Mutanen Arewa ba za su manta da 1 ga Nuwambar 2024 ba, ranar da aka gurfanar da yara da matasan da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, da yawansu daga Kano da Kaduna, a babbar kotun tarayya ta Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa. Sun yi kusan wata uku a hannun 'yan sanda. Wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka kuma sa belin naira miliyan 10 a kan kowanne. Kwana uku bayan haka Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Hoton bidiyo da fushin jama'a ne suka fitar da yaran nan. Duk matakan da doka ta shimfiɗa don kare su, daga ziyarar majistare zuwa kotun yara, ba wanda ya tare su a hanya. Wanda kuma yake tsare a ƙaramar hukuma mai nisa, ba kyamarar da za ta ɗauke shi.

Idan naka ne a ciki, abu na farko shi ne ka riƙe kwanan wata: ranar da aka kama shi, ranar da aka kai shi kotu, sunan kotun, lambar ƙarar, da ranar da umarnin tsarewar zai ƙare. Sannan ka bincika inda fayil yake, a hannun 'yan sanda ne ko ya isa ma'aikatar shari'a, domin amsar ita za ta nuna maka ƙofar da za ka buga. Hukumar ba da taimakon lauya kyauta ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana da ofisoshi a jihohi don wanda ba shi da halin ɗaukar lauya. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana da ikon shiga wuraren tsare mutane da karɓar koke. Babban jojin jiha yana da ikon sakin wanda ya daɗe fiye da kima idan ya kai ziyarar gidan yari, kuma ana iya rubuta masa takarda kafin ziyarar a sa sunan mutum a jerin waɗanda za a duba. 'Yan jarida da ƙungiyoyi kuwa suna iya amfani da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 su nemi rahotannin kwana 90 ɗin nan daga hukumar gidajen gyaran hali, wadda doka ta ba kwana bakwai ta amsa. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana iya shigar da ƙarar tauye haƙƙi a babbar kotu, kuma sashe na 35 ya ce yana da haƙƙin a biya shi diyya, hukumar da ta tsare shi kuma ta nemi afuwarsa a bainar jama'a.