Gemu ba ya hana ilimi: darussan al'adu da fasaha domin manya

Kowace shekara, in damana ta gabato, makarantun yaƙi da jahilci suna rufe ƙofa. A yi jarrabawa, a raba takardun shaida, a yi guɗa, kowa ya ɗauki hauyarsa ya nufi gona. Abin murna ne ƙwarai. Amma akwai tambaya guda wadda ba a cika yi ba ranar bukin: wannan magidanci da wannan uwargida da suka sha wahalar koyon baƙaƙe, mene ne za su karanta gobe, kuma ina za su zauna su ƙara sani? Malaman karatun manya sun daɗe da sanin cewa wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba, bayan shekara biyu ko uku hannunsa yakan yi nauyi, idonsa ya manta. Rijiyar da ba a jan ruwanta, ƙasa take cikewa.

Ɗaya daga cikin magungunan wannan cuta shi ne darussan jama'a: manya su riƙa taruwa sau ɗaya a mako, wani masani ya yi musu bayani a kan tarihi, ko waƙa, ko gini, ko wata sana'ar hannu, su yi tambaya, su yi gardama, su rubuta abin da suka ji. Babu jarrabawa, babu bulala, babu wanda aka ce ya tsufa.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Wannan dabara ta daɗe a duniya. A ƙasar Danmak, wani malami kuma mawaƙi mai suna Gurunbi (Grundtvig) ya yi kira da a buɗe makarantu na manoma manya, inda za a koya musu tarihin ƙasarsu da harshensu da waƙoƙinsu da baki, ba tare da neman takardar shaida ba. An buɗe ta farko a shekarar 1844. Samarin ƙauye suna zuwa lokacin sanyi, sa'ad da aikin gona ya tsaya, kamar yadda namu manoma suke samun sarari da rani. Masana tarihin ƙasar suna cewa waɗanda suka fito daga waɗannan makarantu suna cikin mutanen da suka kafa ƙungiyoyin haɗin gwiwa na manoma, waɗanda suka ɗaga arzikin karkara.

A Suwidin kuwa, tun daga 1902 aka fara ƙananan da'irori na karatu: mutum goma ko abin da ya yi kusa, su zaɓi littafi, su zaɓi jagora daga cikinsu, su riƙa haɗuwa. A Faransa, cikin 1973, jami'ar birnin Tuluz ta buɗe ƙofarta ga tsofaffin da suka ajiye aiki, ta shirya musu darussa, daga nan abin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Hukumar UNESCO ma tana kiran babban taron duniya a kan ilimin manya tun 1949. Na bakwai an yi shi a Marakesh, ƙasar Maroko, a 2022.

Abin da Nijar ta riga ta gwada

Kada mai karatu ya ɗauka sai mun je ƙetare za mu aro hanyar. A shekarar 1962 aka kafa ƙungiyar Radiyo-Kulob ta Nijar. Da dare jama'ar gari sukan taru gindin akwatin radiyo, su saurari shiri cikin harshensu. In an gama, jagoran zaman, wanda sau da yawa mushen lakkol ne, ya buɗe mahawara, ya ɗauki muryoyin mutane cikin na'ura, a aika Yamai. Bayan ɗan lokaci manomi ya ji ra'ayinsa yana fitowa daga radiyo. A 1963 aka soma aikin yaƙi da jahilci na ƙasa. A 1966 masana suka taru a Bamako domin daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa, sa'an nan jaridun harsunan ƙasa irin su Ganga suka ba sababbin masu karatu abin dubawa.

Ta wajen al'adu ma an aza tubali mai ƙarfi. Gidan ajiyar kayan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda yau yake ɗauke da sunan Bubu Hama, an buɗe shi a 1959, kuma aka zaunar da masu sana'a a cikinsa, masaƙa da dukawa da maƙera, domin mai ziyara ya ga aiki da idonsa. A 1968 aka kafa a Yamai cibiyar tattara tarihin baka, wadda daga baya ta zama CELHTO a ƙarƙashin ƙungiyar haɗin kan Afirka. Cibiyar binciken IRSH ta jami'ar Abdu Mumuni tana ajiye da dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami. Kokowar ƙasa ta takobi ta fara a Tawa cikin 1975, bukin matasa na ƙasa ya fara a Damagaram cikin 1976, gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu kuma a 1987.

Sai dai buki kwana kaɗan ne, ya wuce. Abin da aka tara a cibiyoyin bincike kuwa, mafi yawansa da Faransanci aka yi bayaninsa, yana cikin ɗakunan Yamai. Mai takardar yaƙi da jahilci na Madawa ko na Tasawa bai san da shi ba, ko da yake daga bakin kakanninsa aka ɗauko. Darussan jama'a su ne gadar da za ta mai da wannan dukiya ga masu ita.

Me za a koyar?

Kowane gari da littafinsa a buɗe. A Damagaram, zagaye ɗaya cikin unguwar Birni ya isa darasi uku: ganuwar da Sarki Tanimun ya gina, shi da ya rasu a 1884, zanen da magina suke yi a fuskar soraye, da dalilin da ya sa birnin ya zama hedikwatar mulkin mallaka har zuwa 1926, sa'ad da aka mai da ita Yamai. A Maraɗi, a bayyana yadda Katsinawa suka kafa sarautarsu bayan jihadi, da yadda ambaliyar gulbi ta 1945 ta sa aka tashi gari daga fadama zuwa tudu. A Arewa, a ba da labarin Sarauniya ta Lugu wadda ta tsaya gaban rundunar Bule da Shanuwan a 1899, a gwama abin da tsofaffi suke faɗi da littafin da Abdullahi Mamani ya wallafa a 1980, sa'an nan a kalli sinimar da Med Hondo ya yi a kai, wadda ta ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Mutane nawa ne suka san cewa wanda ya fara cin wannan kyauta ta Wagadugu, a 1972, ɗan Nijar ne, Umaru Ganda?

A Agadas akwai hasumiyar masallaci ta laka mai tsawon mita 27, kuma tun 2013 tsohon birnin yana cikin jerin kayan gadon duniya na UNESCO. A 2014 hukumar ta sa wasan barkwanci na taubasai cikin jerin al'adun ɗan adam. Kowa yana wannan wasa a kasuwa da tasha, amma zama guda a kan asalinsa, da yadda yake kashe faɗa tsakanin ƙabilu, zai buɗe idon babba da yaro. Haka nan tukwanen Mirya, da jima da ɗinkin fata, da rini, da kirarin ƴan kokowa, da wasan kwaikwayo irin na su Yazi Dogo.

Su wa za su koyar?

Mutum biyu ake bukata a gaban jama'a. Na farko mai abin: sarkin magina, ko maroƙin fada, ko tsohuwar da ta san waƙoƙin daka da na aure. Na biyu mai alƙalami: malamin makaranta, ko ma'aikacin al'adu, ko ɗalibin jami'a, wanda zai tsara bayanin, ya kawo shekaru, ya rubuta muhimman kalmomi a allo. In mai abin ya zo shi kaɗai, magana ta bi iska. In mai alƙalami ya zo shi kaɗai, abin ya koma jawabin biro, mutane su yi ta hamma.

Kuma lokaci ba ya jira. Labarin biram ya ishe mu misali. Biram kayan kiɗa ne mai tsirkiya biyar na Buduma, masuntan tafkin Cadi. Ya kai ga saura gwani ɗaya, tsoho Bukar Tar. Malam Maman Barka, wanda ya fara da aikin koyarwa kafin ya shahara da gurmi, ya tafi wurinsa a farkon shekarun 2000, ya zauna ya koya, ya kai biram ƙasashen waje. Shi ma ya rasu a 2018. Da bai yi wannan tafiya ba, da kiɗan ya bi tsohon kabari. A kowace gunduma akwai irin wannan tsoho, wanda ba a riga an je an zauna gabansa ba.

Yadda za a tsara

Abin ba ya bukatar sabon gini. Manyan garuruwa suna da gidajen matasa da al'adu, ƙauyuka suna da ajin lakkol wanda yake zama wofi da dare. A zaɓi watannin rani, bayan an kai amfanin gona rumbu. A tsara zama goma ko sha biyu a kan batu ɗaya, domin wanda ya zo yau ya san abin da zai tarar mako mai zuwa. Rabin lokaci na bayani, rabi na tambaya. A yi shi cikin harshen da mutanen wurin suke ji. A shawarci mata a kan sa'ar da ta dace da su, don in aka sa zama daidai lokacin tuwon dare, an kore su ke nan ba tare da an faɗa ba.

Abin da ya fi kome: kowane zama ya bar rubutu. A naɗa biyu daga cikin masu takardar yaƙi da jahilci su rubuta taƙaitaccen bayani, shafi ɗaya ko biyu, a karanta shi a farkon zama na gaba, jama'a su gyara. A ɗauki murya da wayar salula, a miƙa wa radiyon karkara. Ƙarshen rani, a haɗa shafukan su zama ɗan littafin gari. Ta haka hannu ba zai yi nauyi ba, kuma ajin baɗi ya sami abin karantawa wanda ya fito daga gida.

Kuɗin da ake nema kaɗan ne: fitila, alli, takarda, da ɗan goron da za a ba mai bayani, gama ba daidai ba ne a kira dattijo ya zazzage saninsa ya koma hannu wofi. Magadan gari suna iya sa wannan cikin kasafin komin, sarakuna su ba da izini da zaure, sufetocin karatun manya su ba da jagora. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, jama'a masu karatu, wanda ya sami takardarsa bana kada ya naɗe ta ya sa ƙarƙashin akwati. Ya nemi abokan ajinsa, su je wurin malaminsu da mai gari, su faɗi batun da suke so a fara da shi, su kuma ambaci sunan dattijon da ya kamata a fara gayyata tun yana da ƙarfin magana.