Mutum nawa cikin nawa? Ƙididdiga ga ma'aikacin lafiya

Ƙididdiga, a aikinmu, tana farawa ne daga tambaya guda: mutum nawa cikin nawa? Adadin marasa lafiya shi kaɗai ba ya faɗin komai sai an san yawan jama'ar da suka fito daga cikinta. A ce yara goma sun kamu da ƙyanda a ƙauye mai mutum 500, wasu goma kuma a gari mai mutum 20,000. Adadi ɗaya ne, amma a ƙauyen ya kama biyu cikin ɗari, a garin kuwa ɗaya cikin 2,000.

Da wannan lissafi ake sa ido kan sanƙarau, wanda yakan taso a yankinmu da rani. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2014, ga yanki mai mutum 30,000 zuwa 100,000, shi ne: idan waɗanda ake zaton sun kamu suka kai 3 cikin 100,000 a mako guda, a shiga shiri, idan suka kai 10, annoba ta tabbata. Rajistar da aka bari babu cikawa mako ɗaya tak tana iya jinkirta agaji daga Garwa.

Mu na bakin iyaka, wahalarmu tana wajen sanin yawan jama'a. An daɗe ana kintatarsa daga ƙidayar Kamaru ta 2005, alhali mutane ba a zaune suke ba. Makiyaya na ƙaura da shanu, fatake na cika kasuwar Adumri, iyalai daga wajen Lere a Cadi na tsallakowa neman magani a gundumar Bibemi. Shi ya sa rahoton rigakafi kan haura ɗari bisa ɗari. Wannan ba abin tafi ba ne. Alama ce cewa an ƙidaya baƙi cikin waɗanda aka yi wa allura, ba a sa su cikin jama'ar yankin ba, kuma mai yiwuwa akwai yaran gida da aka tsallake.

Saboda haka mai koyo ya fara da rajistarsa kafin kwamfuta. Ya rubuta shekarun kowa, da ƙauyen da ya fito, da ranar da ciwon ya fara, domin ranar zuwa asibiti daban ce. Makon da ba a ga kowa ba, ya rubuta sifiri. Gurbin da aka bari fayau ba ya bambanta rashin cuta da rashin rahoto. Waɗannan alƙaluma ake shigarwa a manhajar DHIS2, daga gunduma su wuce Garwa, su kai Yawunde.