Shagon na kamfani ne ko na wadda ta sa hannu?

Uwargida, idan maigida ko yayanki ya taɓa karɓar lambar NIN ɗinki don sa sunanki cikin daraktocin kamfaninsa, ko kun haɗa jari da ƙawarki kun yi rajista a hukumar CAC, to wannan magana taki ce.

Da yawanmu muna ɗaukar darakta sunan ado ne. A doka kuwa amana ce. Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta ɗauki cikakken kamfani tamkar mutum mai zaman kansa: dukiyarsa daban, bashinsa daban. Sashe na 305 ya wajabta wa darakta yin aiki da gaskiya don amfanin kamfanin. Sashe na 306 ya hana shi cin ribar ɓoye ko fifita son ransa a kan kamfanin.

Inda aka fi samun rigima shi ne hayar shago. A ce ke da ƙawarki kuna sayar da kayan yara. Kamfani ke biyan haya, amma ranar da aka kama shagon kina jego, sai ta sa sunanta a takarda. Bayan shekara uku kuka saɓa. Ta je wajen mai shago ta sabunta haya da sunanta, ta riƙe wurin da duk masu sayen da kuka tara tare.

A doka ba ta da wannan hurumi, domin damar sabunta hayar ta zo mata ne ta dalilin kamfanin. Kotu na iya sa ta maido da wurin ko ribar da ta ci. Sai dai shari'a na cin kuɗi da lokaci, shi kuma mai shago sunan da ke takarda kaɗai ya sani.

Ta ɓangaren mai shago ma akwai ƙa'ida. A Abuja, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai hayar shekara ana ba shi notis na wata shida, mai hayar wata-wata kuma wata ɗaya. Daga nan sai wani notis na kwana bakwai, sannan kotu. Hayar da aka yanka wa ranar ƙarewa kuwa, da wa'adin ya cika, kwana bakwai ɗin kawai ya rage. Kowace jiha da dokarta, don haka ki tambayi lauya game da taku. Amma ko'ina ne, mai shago ba shi da ikon garƙame ƙofa ko watsa kaya waje ba tare da umarnin kotu ba.

Ga abin da za ki duba a makon nan:

Sunan kamfani ne a takardar haya da rasit?

Daga asusun kamfani ake biyan haya?

Yaushe hayar za ta ƙare, kuma wa zai sabunta?

Idan shagon mallakar ɗaya daga cikin daraktoci ne, an bayyana hakan a rubuce, an kuma yarda da kuɗin hayar?

Kada kunya ta hana ki neman ganin takarda, ko da a wajen maigida ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Jarin nan kuɗin makarantar yaranki ne, kuma rubutu ba rashin yarda ba ne, shi ke tsare zumunci.